Yadda aka kwashe gidan Yayana da babbar sallah maƙwabta suna kallo

Babbar sallar 2024 ranar Lahadi ta faɗo, 16 ga watan Yuni, gwamnati ta bada hutun Litinin da Talata, to Yayana da yake ma'aikaci ne sai ya kwashi iyalinsa tun ranar Juma'a bayan an sakko daga masallaci muka kama hanyar Gwarzo sai Malumfashi wajen Hajiyarmu, ni ma a motarsa na tafi a motarsa na dawo, shi yasa abin da zan faɗa ba labarin ƙanzon kurege bane da idona na gani. Gidan nasa yana ɗaya daga sabbin unguwannin nan na bayan sabuwar jami'ar Bayero, irin inda zaka ga gida ɗaya an tare, na gefensa kango, na gaba fili da ciyawa, sai kuma wani gidan an tare. Shekararsa biyu da ƴan watanni da tarewa.

Ranar Laraba wajen la'asar muka dawo. Kwaɗon ƙaramar ƙofar get yana nan yadda ya barshi, ƙato ne irin mai tsadar nan, har Yaya yace alhamdulillah kafin ya sa makulli. Yana turawa ya tsaya cak, ni ina bayansa riƙe da jakar naman sallah. Babban get ɗin an zare sakatarsa ta ciki an dai mayar da shi an jingine, a tsakar gida kuma ga sawun taya a cikin laka ya bushe, na taya uku, wanda duk ɗan Kano ya gani yasan kurkura ce, babur ɗin ɗaukar kaya mai ƙafa uku, ta shiga ta fita.

Ƙofar falo ta ƙarfe ce, kuɗi sosai ya kashe mata, ko ƙwarzane babu a jikinta. A buɗe muka sameta, ta ciki aka buɗe.

Abin da suka ɗauka: baturan sola guda huɗu da inbata, talabijin, tukunyar gas biyu, ƙaramin janareta, keken ɗinkin Anti matar Yaya, atamfofi da lesuka waɗanda ko ɗinkawa ba'a yi ba har da ragowar na lefenta da take ta adanawa, sarƙa da ƴan kunne na gwal, sai injin rijiyar burtsatse da suka zaro da wayarsa gaba ɗaya. Firij basu ɗauka ba, ina jin girma ya musu, amma da yake an cire batura duk abin da ke ciki ya ruɓe, warin da ya tare mu a falon nan har yau in na tuna sai zuciyata ta tashi. Takardun gida da na makaranta sun zazzage su a ƙasa suna neman kuɗi, ruwa ya shigo ta taga ya jiƙa wasu. Anti zama tayi a bakin ƙofa tana ta innalillahi, yara kuma suna tambaya ina tibi.

Sai da hankali ya ɗan dawo washegari ni da wani abokina magini muka bi sawu daki-daki dan mu gane ta ina aka shiga, dan Yaya shi a lokacin babu abin da yake faɗa sai "da ɗan gari akan ci gari", ya riga ya yanke cewa wani na jikinsa ne ya bada makulli. Ba makulli aka bayar ba. Kangon da yake jingine da katangarsa ta baya an tara bulo a gindinta kusan rabin tsayinta, ga katakon da magina ke takawa an barshi nan, yaro ɗan shekara goma ma zai hau. Waya mai reza da aka zagaye katangar da ita sun jefa mata tsohuwar katifa sun danne, katifar ma a nan suka barta. Suna dira sai tagar kicin. Ƙarfen tagar lafiyarsa ƙalau babu inda aka yanka, bulon da aka dasa shi a ciki suka farfasa suka cire shi ɗungurungum suka jingine a bango kamar wanda za'a sake sawa. Abokina ya ɗauki ɓaraguzan ya murza da yatsa ya zama gari, yace kaga irin bulon da ake bugawa yanzu, buhun siminti ɗaya a so a fitar da abin da ya fi ƙarfinsa, kuma ƙafar ƙarfen ko tsawon yatsa bata shiga ba, ba'a zuba mata kankare ba an dai shafe da filasta. Yace mutane suna zuwa wajen mai walda su zaɓi rodi mai kauri su biya, babu mai tsayawa ranar da ake dasawa.

Daga kicin zuwa falo ƙofar katako ce, wannan ba'a maganarta. Ɗakin Yaya da na Anti kuwa a kulle suke da ƙofofi masu kyau, nan ne abin ya bani mamaki, dan suma basu taɓa su ba. Ta silin suka bi. Falon ne kawai aka yiwa POP, koridon da ɗakuna silin roba ne, kuma bangon da ya raba ɗakunan a daidai silin ya tsaya bai kai kwano ba, kamar yadda ake yi a mafi yawan gidajenmu, to mutum ɗaya mara nauyi ya taka kujera ya ture roba ya hau, ya rarrafa kan katako ya dira a ɗakin da yake so. A ɗakin Yaya kuma ga tarin makullan safaya nan a rataye a ƙusa bayan ƙofa, kowanne Anti ta manna masa takarda ta rubuta na ina ne dan kar a rikice. Shikenan, daga nan gidan ya zama nasu.

Gwal ɗin a cikin gwangwanin madara yake a saman sif an ɗora tsofaffin zannuwan gado akai. Anti tana ganin babu wanda zai kawo wajen a ransa. Ni dai nace Anti kiyi haƙuri amma duk macen da na sani ko saman sif ne ko ƙarƙashin katifa ko cikin buhun shinkafa, su ɓarayin ai a gidaje suka taso suma, sunga inda iyayensu ke ɓoyewa.

Akwai kyamara fa. Guda huɗu. Akwatin da yake naɗar hoton yana ƙarƙashin talabijin, suka haɗa da shi suka tafi, kyamarorin suna nan a bango suna kallonmu. Wanda ya haɗa masa tun farko yace a saka ta yadda zai riƙa gani a waya kuma hoton yana ajiyuwa a intanet, Yaya yace kuɗin data duk wata yayi yawa.

Duk wannan bayanin yadda aka shiga ne, kuma gaskiya ko ba ta tagar kicin ba da sun samu wata hanyar, wanda yake da kwana biyar da guduma babu gidan bulo da zai gagare shi. Abin da ya fi tsaya mini a rai shine abin da muka ji da muka fara zagayawa maƙwabta.

Yayana mutum ne mai ɓoye tafiya. Aƙidarsa ce, yana cewa duk wanda ka faɗawa zaka yi tafiya ka faɗawa ɓarawo. Dan haka babu wanda ya sallama a layin, ko dattijon da gidansa yake kallon nasa wanda suke haɗuwa a masallaci kullum da asuba, ko mai shagon bakin layi, kai har kayan tafiyar ma a cikin gida aka loda a but aka fito kamar za'a je unguwa. Yana ganin ya yi dabara.

To amma ka duba waɗanda suka sani ba tare da ya faɗa ba. Mai ruwa da yake kawo musu na sha an ce masa kar ya kawo sai Laraba. Almajirin da yake musu aike da shara an sallame shi da kuɗin sallah an ce sai bayan kwana biyar. Mai kwasar bola ya buga ƙofa ranar Asabar shiru. Leburorin kangon baya suna kan katako suna hango tsakar gidan gaba ɗaya, sunga babu mota babu shanya babu yara. Kwaɗo a rataye ta waje dare da rana, wanda shi kaɗai ma sanarwa ce, dan gidan da mutum yake ciki ta ciki ake kulle shi. Fitilun waje ya barsu a kunne dan a zaci da mutane, to sai suka kwana suka wuni a kunne har tsakar rana kwana da kwanaki, wa yake barin fitila da azahar. Sannan babbar sallah ce fa jama'a, layin kowa da rago a ɗaure yana kuka, ranar Lahadi kowane gida hayaƙi na tashi ana babbaka ana suya yara na shiga da fita da kwanon nama, gida ɗaya ne tsit ko ƙuda babu. Anti kuma ta saka hotonsu a WhatsApp da kwalliyar sallah a tsakar gidan Hajiya ta rubuta Malumfashi ta karɓi baƙi, lambobin da ke wayarta kuwa har da masu kawo mata kaya da masu karɓar ɗinki da waɗanda ita kanta bata tuna su waye ba. Ban ce a cikin waɗannan akwai wanda ya yi ba, har yau bamu san wanda ya yi ba, abin da nake nufi shine duk mai son ya sani ya sani. Waɗanda basu sani ba sune mutum biyu ukun da da sun sani zasu iya cewa kai tsaya.

Dan an gansu. Wannan ne abin takaicin.

Dattijon nan na gaban gidan, Baba muke ce masa, da muka shiga gaishe shi Yaya ya faɗa masa abin da ya faru, sai ya yi salati ya riƙe baki. Yace ranar Litinin da safe wajen ƙarfe goma yana zaune a ƙofar gida ya ga an buɗe get daga ciki kurkura ta fito da batura da wasu kaya an rufe da leda, samari biyu a baya ɗaya ma ya ɗaga masa hannu yace Baba barka da sallah, ya amsa. Yace "wallahi ɗana na ɗauka masu gyaran sola ka kira, dan kwanaki naga an zo an hau rufin, kuma get ta ciki aka buɗe, ni ban san baka gari ba, da naga ban ganka a masallaci ba cewa nayi ko wajen aiki aka riƙe ka". Yaya yace Baba ai da ka kira ni. Baba ya kalle shi yace da wace lambar.

Shiru muka yi. Shekara biyu suna sahu ɗaya babu wanda yake da lambar wani.

Matar gidan gefe ita kuma tace a daren da aka yi ruwa mai ƙarfi ta ji kamar ana buga wani abu ta baya amma ƙarar ruwa akan kwano ta hana ta tantancewa, mijinta yace ƙila iska ce take buga ƙofar kango. Mai shago yace shi sau biyu ya ga kurkurar, Litinin da Talata, har ya ce a ransa ashe mutumin nan tashi zai yi bai faɗa ba. Kaga kenan sun shiga da daddare cikin ruwa sun buɗe ko'ina sun haɗa kaya, sannan suka dawo da rana tsaka suka ɗiba hankali kwance har sawu biyu, dan sun lissafa cewa wanda ya fito da kaya da rana ta babbar ƙofa yana gaisawa da mutane babu mai ce masa ɓarawo. Da daddare ne kurkura zata ja hankali.

Akwai ƴan sintiri a unguwar, ana karɓar kuɗi gida-gida duk wata, Yaya ya biya wata uku ya daina yace baya ganin aikinsu banda busa usur. Da muka je wajen shugabansu bai ɓoye mana ba, ya ɗakko wani littafi ya nuna mana, yace duk sallah masu tafiya suna zuwa su rubuta gidansu da ranar dawowa da lambar waya, yaransa suna haska waɗannan gidajen da tocila sau biyu uku a dare, da rana ma in sun ga an buɗe sai sun tambaya. Gida goma sha wani abu a shafin, na Yaya babu. Ban ce da yana ciki ba za'a shiga ba, ƴan sintirin nan mutum nawa ne kuma cikin ruwa kowa yana neman inda zai fake, kuma nasan akwai unguwannin da mutane basu yarda da nasu ƴan sintirin ba kuma suna da dalili. Amma kurkurar Litinin da ta Talata kam da wuya su fita.

Mun kai rahoto ofishin ƴan sanda na yankin, aka rubuta, aka zo aka duba aka ɗauki hoto. Tambayar farko wa kake zargi, ta biyu kana da rasit. Rasit ɗin sola yana wajen wanda ya haɗa, shi kuma ya ce sai ya duba, lambar jikin batura da inbata da talabijin babu wanda ya taɓa rubutawa, gwal ɗin ko hotonsa a kusa babu sai wanda Anti ta saka a wuya a wajen biki. Bayan kamar sati biyu wani ya kira Yaya yace ya ga batura huɗu irin nasa a wajen wani mai saida na hannu, muka je, iri ɗaya ne sak har kalar, amma irinsu dubu nawa ne a Kano, mai kayan yace ku nuna shaida, muka juyo.

Tambayar wa kake zargi ɗin nan ita ta kusa jawo abin da ya fi satar muni. Yaya ya ambaci almajirin. Yaro ne da bai wuce sha uku ba, shekara ɗaya da rabi yana musu aiki ko cokali bai taɓa ɓata ba, aka je makarantarsu aka ɗakko shi yana kuka yana rantsuwa, malaminsu ya biyo baya yace yaron tun jajibiri yana ƙauyensu sai Talata da daddare ya dawo, ga waɗanda suka tafi tare. Aka sake shi. Bai ƙara zuwa gidan ba, ko a hanya ya hango Anti sai ya canza layi, ita kuma abin yana damunta har yanzu fiye da atamfofin, ta aika masa da kaya ya ƙi karɓa. Hajiyarmu da taji ta kira Yaya ta wanke shi tas a waya, tace zato zunubi ko da ya zama gaskiya balle bai zama ba, ka rasa wanda zaka kama sai marar gata. Leburorin kangon kuwa da aka nema mai ginin yace ƴan kwana-kwana ne yake ɗauka a bakin titi, ko sunan kirki bai sani ba.

Abu ɗaya ne ya dawo, keken ɗinki. Wata ƙawar Anti ce ta ganshi a shagon mai gyaran keke, ta gane shi da wani ƙonewa a gefen katakon inda dutsen guga ya taɓa ci, da sunan babbar ƴarsu da yarinyar ta ƙwarzana da allura a ƙasan. Mai gyaran yace wani ne ya kawo ya saida masa, ya kwatanta shi, ba'a same shi ba, amma da ya ji maganar ƴan sanda da kuma cewa sayen kayan sata shima laifi ne a doka sai ya bada keken ba gardama. Abin da yara suka ɓata aka yi ta musu faɗa shi ya zama shaida, baturan da aka kashe kuɗi akai kuwa babu ko ɗigon fenti.

Watan da ya biyo baya aka yi gyara. An cire duk ƙarafan tagogin baya an sake dasa su da kankare, an ɗaga bangon ɗakuna biyu har ya taɓa kwano, an yiwa batura keji na ƙarfe an dasa a ƙasa, abokina magini ya kawo shawarar a canza kwaɗon waje da makullin da yake cikin jikin ƙofa yadda mai wucewa ba zai gane a kulle ta ciki take ko ta waje ba, fitilun waje aka sa musu abin da yake kunna su da magariba ya kashe da safe, kuɗinsa ma ba wani yawa ba. Mai unguwa ya sa baki mai kango ya janye bulonsa daga jikin katanga. Ni kuma na zauna da waya na ɗauki hoton lambar jikin duk wani abu mai lamba a gidan na tura masa na turawa kaina, takardun gida aka yi musu hoto aka kai na ainihin wajen Hajiya. Yaya ya so ya sa waya mai wuta a katanga, da ya ji kuɗin ya fasa, kuma dama ita ma da batir take aiki.

Da ƙaramar sallar 2025 tazo, 30 ga Maris, Anti tace ita babu inda zata, Hajiya tace sai sun zo. Sai aka ɗakko ƙanin Anti da yake karatu a jami'a shi da abokinsa suka tare a falo, aka bar musu shinkafa da taliya da gas, sharaɗin kawai kar su bar gidan babu kowa da daddare kuma su riƙa shanya ko da tsumma ne. Ana jibi tafiya na raka Yaya gidan Baba da ƴar ledar dabino da turare, ya zauna a tabarma yana ta kame-kame kamar mai neman aure kafin ya iya cewa Baba zamu je gida sallah sai Alhamis, ga yara nan na bari, in ka ga wani ya fito da ko bokiti ne ka kira ni. Baba ya miƙo masa wata ƴar ƙaramar Nokia da aka ɗaure da kyauro yace saka min da kanka idona baya gani, ka rubuta maƙwabci dan in gane.

Ranar sallah da yamma muna tsakar gidan Hajiya wayar Yaya ta yi ƙara, ya duba ya miƙe tsaye har yana ture kofin kunun aya. Baba ne, wai ya ga wani yaro ya fita da tukunyar gas akan babur. Ƙanin Anti ne, gas ɗin ne ya ƙare musu.